Ƙaiƙayi a Vardø

Ƙarfe uku na dare, ko na rana, wa ya sani?
A Vardø, in Disamba ta kama,
rana tafiyarta take yi ba sallama.
Abin da ke faɗa mini lokaci
ƙarar faratan Torunn ne a kan ƙaurinta,
ƙar, ƙar, ƙar,
kamar mai kankare ɓawon kifi.

Shekara ashirin da shida tana feɗe kifi a masana'antar bakin teku.
Hannunta ya san hantar kifi fiye da fuskata:
ta zaro, ta wurga bokiti, ko kallo babu.
Ba ta taɓa tuna tana da tata ba.

Mun canza sabulu. Mun canza bargo.
Muka ɗora wa kyanwa laifi, muka kai ta gidan ƙanwata.
Ƙaiƙayin bai bi kyanwar ba.

Sai jirgi zuwa Tromsø,
sai doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari,
ta tsinko ɗan nama kamar silin zare.
Likita Ravna Somby ta juyo mana da allon kwamfuta.
Ta ce, kun ga wannan ɗan zoben?
Hanyar ɗaci ce, siririya kamar gashi.
Waɗannan shuɗayen ɗigo da suka yi mata ƙawanya
ba baƙi ba ne.
Naki ne, Torunn. Ƙwayoyin garkuwar jikinki.
Su suka kore miki ƙyanda kina 'yar shekara biyar,
su suka kwana tsaye lokacin da ƙugiya ta huda miki tafi.
Yanzu sun dubi bangon gidansu
sun ce, wannan ba mu san shi ba.

Torunn ta ce, me na yi musu?
Likita ta ce, ba komai.
Ta sake cewa, ba komai, a hankali,
don ta ga tambayar ba ta koma inda ta fito ba.

Akwai masu duka, in ji ta,
akwai masu shafa wa ƙofa alama don masu duka su gane,
akwai kuma 'yan kaɗan, dattawan cikinsu,
da aikinsu shi ne cewa: ya isa haka.
A jikin matata muryar dattawan ce ta dishe.
Ɗaci ya rasa hanya, ya koma jini,
ya bi ƙarƙashin fata yana neman ƙofa.

Na san da ɗan gari akan ci gari.
Ban san garin kan zama haƙarƙarin dama na mace ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai su ne masu ɗinki.
Duk inda aka yaga, sai su zo da zare su ɗaure,
su ɗaure, su ƙara ɗaurewa,
har hanta ta yi tauri don yawan gyara.
Ni mai gyaran koma ne. Na san wannan kuskuren.
Na taɓa ƙulle raga har ruwa ya kasa ratsa ta.

Maganin, wai a ɗacin beyar aka fara gano irinsa.
Torunn ta yi dariyar da rabona da ji tun kaka,
ta ce, to, shi ya sa nake son barcin wata shida.
Ƙwaya uku kullum, da ruwa, har iya rai.

Yanzu in dare ya matsa mata
nakan buɗe taga, sanyin teku ya shigo ya zauna kan fatarta.
In yanke mata farata. In riƙe hannun.
Ba na zagin masu gadin.
Yaya zan zagi abin da ya raya mini ita shekara hamsin da huɗu?
Nakan dai sunkuya kusa da cikinta
in ce, ku duba da kyau, jama'a,
ita ce.

Jiya muka je muka ɗauko kyanwar.
Ba ta kula mu ba har yanzu.