Magana a Bakin Rami

Shekara arba'in da ɗaya ina shiga ƙasa da raina.
Daga Bambay zuwa Kalfu
da wuya ka sha ruwan da babu gumina.
Gaba talatin, wani wurin har da ɗori,
inda sama kan koma kamar bakin ludayi.
Can ƙasa murya ba ta hawa.
Ka yi kira, dutse ya haɗiye.
Shi ya sa ba a sauka
sai an gama da mai riƙon igiya:
ja ɗaya, turo guga;
ja biyu, numfashi ya yi kaɗan;
ja uku, fid da ni, kar ka tsaya tambaya.
A sama ake wannan magana,
rana tsaka, ido cikin ido.

Yau ga ni a Tawa, unguwar Garkawa,
ɗaki na biyu a gidan Absatu.
Ƴaƴanmu na bida, suna aiko kuɗi ƙarshen wata,
ita tana ƙirga mana ƙwayoyi a murfin kwano.
Mu huɗu ne tsofaffin gidan.
Huɗu na ce? Uku.

Arzika ya faɗi da buta a hannu,
baki ya karkace, harshe ya ƙi tashi.
Aka ɗora shi a mota sai Yamai,
Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, duk yana kallon rufi.
Kwana goma sha tara da tiyo a hanci.
Na Abijan ya ce a ci gaba,
na Agadas ya ce a maido shi gida,
gonar albasa ta tafi a tsakaninsu.
Wanda ya yi jinya ya gaya mini
yatsansa bai daina motsi a kan zanen gado ba.
Yana ja.
Ba wanda ya san ja nawa ne.

Na kira Tankari a waya.
Ya ce, Baba, bar zancen nan, Allah ya ja kwana,
ko kuɗin ne ba su isa ba?
Na gaya wa Tsahara, ta rufe fuska da gyale,
wai ina yi wa kaina baki.
Ɗiyata, na ambaci ruftawar rami sau dubu,
ambato bai taɓa rufta shi ba.
Kwana na Mai kwana ne, ban taɓa lissafinsa ba.
Zancen igiya kawai nake.

Absatu ta buɗe littafin da take rubuta awon jininmu,
ta juya bayansa, ta ce, Nomau, faɗi.
Na ce: in ciwon mai tashi ne, a yi magani,
ban ƙi allura ba, ban ƙi wuƙa ba.
In likita ya duba ya ce hanyar ba ta komowa,
kar a kai ni Yamai.
A bar ni nan, inda nake jin kiran sallar Asuba,
a rage mini zafi, a juya ni gabas,
a jiƙa mini leɓe da ruwan rijiya, ba na leda ba.
Kar a sayar da gona don a sayo mini kwana biyu
da ba zan san na yi su ba.
In bakina ya rufe, Tsahara ce bakina.
Tankari ne babba, na sani,
amma son da yake mini mai gaggawa ne,
ita kuwa takan ji magana har ƙarshenta.

Na dangwala yatsa.
Tawada ta kwana uku ba ta fita ba.

Ran Juma'a Tsahara ta zo da fura.
Absatu ta miƙa mata littafin, ta fita tsakar gida.
Ta daɗe a kan shafi guda.
Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba.
Da za ta tafi ta kama hannuna,
ta ja shi sau ɗaya.

Ban koya mata ba.
Amma a wurinmu ja ɗaya
turo guga ne,
akwai sauran aiki.