Takwas da Uku

Shekara ashirin da shida ina Alabar,
shago na uku daga bakin kwalbati:
shinkafa, sukari, man gyaɗa, tumatirin gwangwani.
Littafi na sani, mai baƙin bango,
wanda ɓera ya ci wa kusurwa.
Sai yara suka ce, Baba, duniya ta wuce nan,
suka dasa min kwamfuta a gefen sikeli.

Tun ranar lissafi ya fara yi min gardama.
Abin da na bari da la'asar
ba shi nake tararwa da hantsi ba.
Bashin Kwabena mai burodi ya rame cikin dare,
buhunan Maame Serwaa sun ragu ba wanda ya ɗauka.
Mu biyu ke taɓa na'urar, ni da Mumuni.
Ni kuwa na san kaina.

Ban furta ba.
Na dai daina miƙa masa ƙosai in na sayi koko.

Zuwaira, 'yar ƙanwata, ta zo hutu.
Ta zauna kan buhun sukari ta ce,
Kawu, me kake so ta riƙa faɗa maka?
Na ce komai.
Ta yi dariya: komai ai surutu ne,
wayarka za ta koma Kejetiya ranar jajibiri.
Zaɓi uku.
Na ce, in an taɓa farashi.
In an goge ciniki bayan an rubuta.
In bashi ya motsa bayan na bar shago.
Daga sidi nawa?
Hamsin. Abin da bai kai ba, na yafe.
Ta danna, ta danna, ta gwada da katan ɗin ashana,
aljihuna ya yi ƙara.
Tarko ya ɗanu.

Daren farko shiru, wuta ma ta ɗauke.
Dare na biyu ina alwalar isha'i, ƙirrr.
Layi na sha bakwai.
Da: ɗari takwas. Yanzu: ɗari uku.
Wanda ya gyara: Mumuni.
Na ce yauwa, rana dubu ta ɓarawo.
Na tayar da sallah, rabin zuciyata na Alabar.

Da sassafe na riga shi zuwa.
Na zare rasit daga jikin ƙusa,
na kai bakin ƙofa inda haske yake,
na nesanta, na kusanta,
na kira yarinya mai tallan lemo ta karanta min.
Ɗari uku, Alhaji.
Rubutuna ne. Sa hannuna ne.

Laraba, ƙirrr.
Alhamis har sau biyu.
Kullum sai in koma wurin ƙusa,
kullum takarda ta tsaya wa yaron.
Ashe idona ne ke rufe wa uku ciki
ya mayar da shi takwas.
Ni ne nake aza wa mutane bashin da ba su ci ba.

Wata nawa ke nan yana bin sawuna da tsintsiya,
ya jira na sa takalmi, na hau mota zuwa Aboabo,
sannan ya zauna shi kaɗai yana gyara,
don kada ya ce wa mai furfura ka yi kuskure?

Zuwaira ta bugo: Kawu, an kama?
Na ce an kama.
Wane ne?
Na ce gaida uwarki.
In kashe ƙararrawar?
A'a, bar ta.

Yanzu da tabarau a hancina, na Adum, mai tsada.
Wayar ta rage kuka.
In ta yi, nakan duba, in ce yau ma an taimake ni.
Har yau ban gaya masa komai ba,
shi ma bai tambayi me ya sa
ƙosan safe ya koma ƙunshi biyu ba.