Burtuntuna

Buhu shida na taki na ci bashi
wurin Alhaji Mantau na Saminaka.
Na dangwala yatsa a littafinsa, ya ce sai kaka.
Bana sama ba ta yi mana rowa ba.
Masara ta yi goyo, ta saki gemu,
har Dogara maƙwabcina ya tsaya a kan iyaka
ya ce, "Cindo, rumbunka zai yi maka kaɗan."

Ran wata Laraba na shiga kewaya,
na ɓare wani goyo da kumburinsa ya yi yawa.
Babu ƙwaya.
Wasu ƙululai ne masu ruwan toka
sun cunkushe kamar haƙoran da suka hau juna.
Na matsa ɗaya, ya fashe,
baƙin gari ya bi yatsuna kamar kunkunniya.
Na ƙirga kunya goma sha ɗaya ta gefen rafi,
daga nan na bar ƙirga.

Malamin gona ya zo a kan babur,
bai ko kashe injin ba.
Ya ce a cire, a ƙone, ko a binne da zurfi,
kada iska ta kai wa Dogara,
kada ta kwanta a ƙasa ta jira baɗi.
Na cika kwando biyu, ina cira ina tsaki.

A tsakar gida na tarar da Barira,
ta zo hutu daga Samaru.
Ta leƙa kwando, ta riƙe mini hannu:
"Baba, kada ka ƙone duka.
Akwai wata ƙasa bayan teku, Meziko,
can wannan ya fi masarar kanta tsada."
Na ce, "Kuɗin makarantar da nake biya ke nan?
A koya miki cin ciwo?"

Iya Gwamma na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.
Ta yi dariya har dasashinta ya fito.
"Wace Meziko? Mu muna yara
burtuntunar dawa muke bi kara-kara,
mu cinye ta tun tana fara,
mu dawo gida da baki kamar mun sha tawada.
Ku ne dai kuka yi takalmi kuka manta."

Su biyu suka zauna zaɓe.
Wanda ya bushe, gefe.
Mai taushi, mai sheƙi, wanda bai fashe ba, cikin ƙwarya.
Albasa, attaruhu, man gyaɗa,
Iya ta ce a ɗan sa daddawa, Barira ta ce a'a,
Iya ta sa.
Kasko ya yi baƙi ƙirin.
Ƙanshin ya fito kamar ƙasa a ruwan farko,
kamar naman kaza na gindin gara.
Aka miƙo mini, na ce na ƙoshi.

Bayan isha'i, da gida ya yi shiru,
na shiga madafa neman ashana.
Ashana dai na je nema.
Kaskon yana nan, ba a wanke ba.
Na sa yatsa ɗaya.
Zaƙin masarata na can ciki, a ƙarƙashin baƙin,
kamar muryar wanda ka sani a bayan danga.
Na sa yatsa na biyu.

Da safe na ƙone sauran, yadda aka ce.
Hayaƙin ya yi gabas, bai bi ta gonar Dogara ba.
A kasuwar Saminaka babu mudun burtuntuna,
babu motar da ke lodin Meziko,
kuma littafin Alhaji Mantau bai san daɗi ba:
shida ya rubuta, shida yake jira.

Ina wanke hannu a bakin rijiya,
baƙin ya ƙi fita daga farce,
sai Iya ta ɗaga murya daga ɗaki:
"Cindo, na gefen rafin nan,
ka cire duka ne, ko ka rage mini?"