Gwangwanin Biskit na Eusebio

Matakala ɗari da sha bakwai
tsakanin ƙofarmu da mai burodi.
Eusebio ya ƙirga su tun gashinmu na baƙi,
har yau kullum sai ya sake,
wai ko dare ya ƙara ɗaya.

Yakan dawo yana haki,
burodi a hammata, jarida a hannu,
Valparaíso a bayansa, gida bisa gida
kamar kwanukan da ke jiran wanki,
teku kuma can ƙasa, ba ruwansa da kowa.

Ba ya karanta siyasa, ba ya duba farashin tagulla.
Ƙasan shafi yake nema, inda ake cusa ragowa.
Ya ɗauki almakashina na ɗinki,
wanda na hana shi taɓawa,
ya yanke, ya jefa a gwangwanin biskit.

"Clorinda, kin san yaƙi mafi gajarta a duniya?
A Zanzibar aka yi. Bai kai awa ɗaya ba."
Na ce su kam sun yi sa'a.
Namu a kan tagar ɗakin kwana,
a buɗe ko a rufe,
ya shekara arba'in da ɗaya, ko zaman sulhu ba a yi ba.

"Clorinda, a Ostireliya an taɓa tura sojoji da bindigogi
su yaƙi wasu tsuntsaye, dangin jimina.
Sojojin ne suka gaji suka koma gida."
Ina gyaran kifi, ban ɗago ba.
Na ce je ka kori kyanwar maƙwabta daga kan tebur
mu ga taka jarumtar.

Bayan babbar girgizar ƙasar nan
da ta fasa mana kofuna tara, ta bar mai tsagar,
ya zo min da wata 'yar takarda:
masana sun ce yini ya ragu,
ragin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba.
Na ce ashe shi ya sa
ba ka sami lokacin gyara famfon kicin ba.
Famfon na nan. Ɗis. Ɗis.
Shi ne agogonmu.

Amma labarin da ya fi so na agwagi ne,
na roba, na wasan yara, dubbai,
da suka zube daga jirgin ruwa cikin wannan tekun namu,
suka yi ta yawo shekara da shekaru,
ba fasfo, ba matuƙi.
Duk Lahadi in mun sauka bakin ruwa
sai in ga idonsa na tone kumfa.

Bana yanar ido ta kama shi.
Ni ke karanta masa ƙasan shafi yanzu,
ni ke yankewa,
shi kuma yana gyara min sunayen garuruwan
da bai taɓa takawa ba.

Ran Talata na sayi agwagwar roba a kasuwa,
na dirje ta da yashi, na jiƙa ta a ruwan gishiri,
na shanya ta kan rufi kwana uku.
Na ce ga abin da na tsinta a bakin teku.

Ya juya ta a tafin hannu. Ya shinshina.
Babban yatsansa ya tsaya
kan ɗan danƙon da takardar farashi ta bari.
Ya yi shiru har famfo ya ɗiga sau huɗu.
Ya ce, "Ta sha hanya, baiwar Allah.
Nema mata wurin hutawa."

Gwangwani ya ƙi rufuwa da ita a ciki.
Tana can ta tokare tagar ɗakin kwana,
ba a buɗe ba, ba a rufe ba.
Da dare iskar na shigowa ta gefensa,
ni kuwa sai in janye bargon duka.