Zanzaro da Takarkari

Arzika makaniki, a rumfarsa ta Wadata,
ya taɓa ce min inji iri biyu ne, kamar mutane.
Akwai mai bugu biyu:
yana shaƙa yana fesarwa, cikinsa ba ya riƙe magana.
Akwai mai bugu huɗu:
ya shaƙa, ya danne, ya ƙone a ciki,
sai daga baya ya saki numfashi.
Na ce, to wanne ya fi?
Ya goge hannu da tsumma, ya ce in miƙo masa sifana.

Shekara goma sha tara ina kai allurar dabbobi
daga Tawa zuwa rijiyoyin Takanamat,
akwatin ƙanƙara ɗaure a bayana da roba.
Babur ɗina na farko, Zanzaro nake ce masa,
don siririn ƙugu da kukan da ke shiga haƙori.
Kullum da asuba in auna baƙin mai da gwangwanin tumatir,
in tsiyaya cikin isansi, in jijjiga tanki
kamar mai dama fura.
Hayaƙinsa shuɗi ne.
Hajo ta ce ko a masallacin Juma'a aka jera riguna
da hanci za ta fid da tawa.

Mashayi ne, ban ɓoye ba.
Jika ta shiga cikinsa ba ta kai azahar.
Buji uku a aljihu, da guntun reza na kankare musu baƙi.
Tumaki na jin mu tun daga bayan tudu, su watse,
makiyayi ya tarbe ni da harara kafin sallama.
Amma in rairayi ya kama masa ƙafa
sai in sauka, in ɗaga gindinsa da hannu ɗaya,
in ajiye shi inda ƙasa ta yi tauri,
mu wuce.

Bara ofis ya ba ni sabo, mai bugu huɗu.
Takarkari.
Ba ya tari, ba ya wari, ba ya neman gauraye.
Lita guda ta kai ni inda biyu ke kasawa.
A kansa na fara jin kukan guga a bakin rijiya
tun ban kashe inji ba.
Na ce ashe shekara goma sha tara
kurma ne ni ban sani ba.

Sai ran Talata, a ƙoramar da ke gaba da Afala,
ya nutse har cibiya, ya kwanta a gefensa.
Na kama ƙaho, na ja.
Na sa kafaɗa. Na kira sunan Allah, na sake.
Wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana.
Na zauna a inuwar aduwa
ina sauraron ƙanƙara tana zama ruwa cikin akwati,
awaki ɗari da arba'in na jira na a wani wuri
ba su ma san suna jira ba.
La'asar sakaliya wani yaro, Gumar, ya iso da jakai biyu.
Da igiyar guga muka fid da shi.
Yaron bai yi dariya ba. Da ma ya yi.

Na kai ƙara wurin Arzika.
Ya ce, kilo talatin ne kawai tsakaninsu,
nauyin bawul da ƙarfe da man da ke kwance a ciki.
Sauran nauyin, Malam Nomau, daga gida ka zo da shi.
Shekarunka nawa?

Yanzu su biyun suna zaure, kafaɗa da kafaɗa.
Da asuba nakan taɓa bayana kafin in taɓa tanki.
In hanya tsakuwa ce, Takarkari.
In rairayi ne, nakan daɗe a tsaye
da gwangwanin tumatir a hannu.

Ɗana Tahiru yana so in ba shi makullin Zanzaro.
Zanzaro ba shi da makulli.
Waya biyu ce, ja da baƙa, a ƙarƙashin sirdi,
kuma har yau ban nuna masa ba.