Karatun Jini

Ƙarfe shida da rabi a Recife,
ruwa na zuba kan kogin Capibaribe,
ni kuwa ina ɗaure wa Edileuza roba a damtse.
Jijiyarta ta san ni, ta daina ɓuya.
Wata goma sha huɗu ke nan
ina ɗibar ta cokali bibbiyu.

Da can kwakwa take sara a bakin teku,
sara uku, ta miƙa wa mai ƙishi.
Yanzu ita da rana ba sa ga maciji.
Ta shigo da malafa da riga mai dogon hannu,
malam-buɗe-littafi ya sauka a fuskarta,
fiffike ɗaya kan kowane kunci, ja wur,
ya buɗe littafin, ya ƙi tashi.

Lufus, in ji likita, wai kyarkeci da Latinanci.
Ta ce, "Ni ban ga kyarkeci ba,
karen gidana ne ya manta muryata."
Ban ji wanda ya faɗe ta daidai haka ba:
masu gadi sun juya wa ƙofa baya
suna haushin 'yan gida.

Ƙoda kuwa ba ta da baki.
Haƙori ya yi zogi, kai ya sara,
ita sai tata, dare da rana,
rariya ce mai ɓulewa a ɓoye,
sai ranar da takalmi ya ƙi shiga ƙafa,
fitsari ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu.
Kafin nan ɓarna ta yi nisa.

Shi ya sa nake zaune nan.
Na sa kwalbarta a injin juyi, minti goma,
ja ya kwanta, ruwan ɗorawa ya taso,
a wannan ruwan ake gulmar ƙoda.
C3 ya zame daga tamanin da takwas zuwa sittin da ɗaya.
Masu farautar DNA sun ninka.
Kiriyatinin, sarkin nawa, bai motsa ba tukuna;
shi ba ya ihu sai wuta ta ci rabin gida.

Lambobi ma suna ƙarya, na sani.
A watan Yuni sun razana mu a banza,
ta kwana uku ba barci, ƙodar na nan lafiya lau.

Bara an soka mata doguwar allura ta baya,
aka tsinko tsoka kamar guntun zare,
ta kwanta awa shida ba juyi
tana ƙirga tsagar rufin ɗaki.
Tun ranar take tambaya ta,
"Josimar, yaushe jinin zai iya magana shi kaɗai,
a bar bayana ya huta?"
Na ce ana nema. Gaskiya ce, ana nema.
A firjin ƙasa kwalabe sun yi sahu cikin ƙanƙara,
tara nata ne, ta sa hannu da kanta,
ko wani ɗan sinadari da ba a raɗa wa suna ba
zai zama zakaran da ke cara tun da duhu.

La'asar na zagaye sittin da ɗaya da jan biro.
Lif ya mutu, na hau bene huɗu a guje.
Dakta Nóbrega ta cire tabarau, ta mayar,
ta ce, "Kira ta."

A waya ina jin teku a bayanta,
da addar ɗanta kan kwakwa: ɗaya, biyu, uku.
"Me jinin ya ce?"
"Ya ce ki dawo gobe da safe."
Ta yi shiru. Wata mota ta wuce.
"Amma takalmina yana shiga fa, Josimar."
Na ce, "Shi ya sa. Ki zo yana shiga."