Tantancewa a Ɗaki na Huɗu

Ƙanƙara ta rufe matakalan majalisa a Bismarck.
Ni magatakarda ne, abin da baki ya furta nake rubutawa.
Marlys Tvedt ta shigo da takalman gona,
gishirin hanya ya yi musu fari.
Gwamna ya ba ta kujera a Hukumar Ruwa,
amma kujerar takarda ce, sai kwamiti ya yarda.

Sanata Hauge ya gyara tabarau:
"Gonar ƙanin mijinki tana bakin kogi.
In fari ya zo, wa za ki fara shayarwa?"
Ɗaki ya yi tsit, sai na'urar ɗumi ke tari.

Ta ce, "Shekarar da rijiyarmu ta ƙafe
na sayar da shanu arba'in da ɗaya a kuɗin kaji.
Ba wanda ya buɗe mini bututu don sanayya.
Ran da maganarsa ta taso, zan fita waje."

Wani ya tambayi digiri. Babu.
Wani ya saci kallon agogo.

Hannu huɗu suka tashi, huɗu suka lafe a tebur.
Na Hauge ya tsaya a rabin hanya
kamar guga mai shawara da bakin rijiya,
sannan ya ƙarasa.

Na rubuta: an amince.
Ban rubuta rawar da yatsunta suka yi ba,
ko ɗan kududdufin da takalmanta suka bari
ƙarƙashin teburin shaida,
wanda mai shara ya goge kafin a kira na gaba.